Dokin da Na Hana Kwanciya

Da ana mayar da rana baya, akwai safiya guda da zan roƙa a ba ni in warware abin da na yi a cikinta. Ita ce safiyar da na riƙe ragamar dokin surukina da hannu biyu, maƙeri ya ɗora masa ƙarfen da ya yi ja a wuta a gwiwoyi. Dokin nan ba shi da cutar komai. Barci yake ji, ni ne kuma na hana shi. Yanzu na tsufa, kusan duk waɗanda suka san zancen sun riga mu gidan gaskiya, shi ya sa nake so in rubuta shi yadda ya faru.

A daminar da ta biyo bayan babban farin nan na shekarun saba'in abin ya faru. Surukina, mahaifin maiɗakina, mutumin Kalgo ne, manomin shinkafa. Tun yana saurayi ya karye a cinya, ɗorin bai yi kyau ba, ƙafar ta gajarce. A cikin gari yakan dogara sanda ya je masallaci, amma gonarsa tana can cikin fadama, ba ya kai wa gare ta sai a kan doki. Dokin bidi ne, gashinsa gauraye ja da fari, kuma da launin nasa ake kiransa. Ba dokin sukuwa ba ne. Gajere ne mai haƙuri, ya san inda zai tsaya tsoho ya hau, ya san gangaren da ake bi a sauka fadama. A taƙaice shi ne ƙafafun surukina.

Idan damina ta yi nisa ruwa ya cika fadama, ba a zuwa gonar shinkafa sai kaka. A lokacin ne kuma sauro da ƙudaje masu cizo suke addabar dawaki a bakin gulbi. Don haka kowace shekara surukina yakan tura Bidi tudu, wurin ƙanensa a Masama, ya yi damina can. A ranin shekarar nan ƙanen ya rasu. Sai ga wani ɗan kasuwa ya jawo dokin har ƙofar gidana a Gwandu, da saƙo gajere: Baba ya ce ga amana, sai shinkafa ta nuna.

Na yi murna, na kuma ji tsoro. Ban taɓa kiwon doki ba. Jaki na sani, da tumaki. Amma suruki ya tsallake mutane da yawa ya zaɓe ni, na ƙudura a raina cewa Bidi zai koma Kalgo yana sheƙi, har a yi ta labari.

Lokacin ina sabon birkila. Karatuna bai wuce 'yan shekarun firamare ba, daga nan na bi magina ina kwaɓa musu ƙasa, har siminti ya fara yawa a ƙasarmu na koyi aikinsa. Ban ga abin da ya kai shi daraja ba a duniya. Ina da ragowar wanda na yi wa ɗakina daɓe da shi. Na dubi inda zan kafa turke, na ga in ruwa ya sauka wurin caɓi zai yi, ga fitsari, ga kashin doki. Sai na kafa rumfa, na zuba daɓen siminti a ƙarƙashinta, na ɗan karkata shi don fitsari ya gangara. Na bi shi da cokalin gini na goge har ya yi sumul, kana iya ganin inuwarka a ciki.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, mai awon hatsi a kasuwa. Tsakaninmu ba a gaisawa sai da tsiya. Ya zo ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon daɓen.

Ya ce, "Injiniya, wanga wuri na doki na, ko ɗakin amarya? Ka sawo mishi gado da katifa mana, aiki ya cika."

Na ce masa wanda ya tashi a kan buhu ba zai san darajar tsabta ba, kuma doki ai a tsaye yake barci, kowa ya san haka. Ya ce shi dai bai taɓa kwana da doki ba balle ya yi musu. Maƙwabta ma suka riƙa leƙowa suna yabawa, kaina ya ƙara girma.

Kwana kaɗan da ɗaure shi a wurin, na fito da safe na tarar da kofato ya karce daɓen a wurare da dama, ga ƙujewa a kwatangwalon dokin. Maiɗakina ta ce ta ji ƙara wajen asuba kamar an yar da buhu. Yanzu na san abin da ya faru: kwanciya ya yi, da ya zo tashi daɓen ya jiƙe da fitsari, santsi ya kwashe shi, ya sha wuya kafin ya miƙe. A lokacin kuwa man shanu na shafa masa, na ɗauko cokali na gyara karcen.

Ban rage shi da komai ba. Ciyawa ɗanya safe da yamma, dusa da kanwa, wani lokaci har dawa. Ina wanke shi, ina taje masa geza. Da la'asar in ja shi bayan gari ya sha iska. Akwai wani wuri mai rairayi kusa da rijiyoyi, duk sanda muka zo nan sai ya tsaya, ya sunsuna ƙasa, ya tona da ƙafar gaba, ya fara lanƙwasa gwiwa. Ni kuma in fizgi ragama in daka masa tsawa, don ban ga dalilin da zan wanke doki ya je ya yi birgima ba. Muna komowa in mayar da shi kan daɓensa. Saboda tsoron ɓarayi da caɓi, ban taɓa ɗaure shi a wani wuri ba.

Wata safiya maiɗakina tana shara kusa da rumfar, ta tsaya ta daɗe tana kallonsa. Ta ce a gidansu, tun tana yarinya, kullum da safe akan ga rairayi manne a haƙarƙarin Bidi da gefen wuyansa, har mahaifinta ya sa a kakkaɓe. Amma nan kullum jikinsa fes yake wayar gari. Ba da wata manufa ta faɗa ba, ita ma ba ta san ma'anar abin ba. Ni kuwa yabo na ɗauke shi, na ce ai amfanin siminti ke nan.

Wajen tsakiyar damina Bidi ya fara faɗuwa. Ina zaune da hantsi ina gyaran igiya, na ga ya ɗage ƙafar baya guda ya dogara kan kofato, leɓensa na ƙasa ya saki, idanu sun lumshe. Wannan na saba gani. Amma ran nan sai kan ya yi ta sauka a hankali har hanci ya kusa taɓa ƙasa, jikin ya ja baya, kwatsam gwiwoyin gaba suka karye, ya buga su a kan siminti. Ya zabura ya miƙe yana huci, yana zare ido kamar wanda aka tasa daga mugun mafarki. Na tashi da sauri. Na duba, gwiwa guda ta fashe, leɓe yana jini.

Na ce wa kaina tuntuɓe ne. Kashegari ya sake. Bayan 'yan kwanaki abin ya zama kullum, wani lokaci sau da yawa a yini. Yana cin abinci, yana shan ruwa, jikinsa ba zafi, amma da zarar wuri ya yi shiru sai kai ya fara sauka. Na daina karɓar aiki mai nisa. In ina kan gini a cikin gari, kunnena yana gida. Ko tabarya na ji an buga a turmi sai in ɗauka shi ne ya faɗi. Abinci ya daina yi mini daɗi. Abin da ke raina ɗaya ne: kaka za ta zo, tsoho zai aiko, da wane ido zan dube shi.

Abu na farko da na yi shi ne na kewaye rumfar da zana, don kada maƙwabta su gani labari ya kai Kalgo. Amma taubashina ya ɗaga zana ya shiga, ya kuwa ci sa'a abin ya faru a gabansa. Ran nan bai yi wasa ba. Ya ce ko farfaɗiya ce. Wani dattijo da na yi wa zancen a asirce ya ce baki ne, an yi ta yabon doki da wurin kwanansa ba a ce tubarkalla ba. Na karɓo rubutu na zuba masa a ruwa, na yi masa turare har rumfa ta turnuƙe. Wani ya ce tsutsar ciki ce, na ɗura masa jiƙon sassaƙe mai ɗaci. Babu abin da ya canza.

Sai na yi wata dabara da na ɗauka hikima ce. Tunda kai ne yake fara sauka, na gajarta ragama na ɗaure ta sama a jikin azarar rumfa, yadda ba zai iya sunkuyawa sosai ba. Ban san na ƙwace masa ɗan gyangyaɗin da ya rage masa ba. Sai ya riƙa rataya a jikin igiyar, ta shaƙe shi, ya farka a firgice. Idanunsa suka faɗa, ya daina haniniya in ya ga na ɗauko dusa.

Maiɗakina ta same ni a zaure, ta zauna daga gefe.

Ta ce, "Malam, ka aika wa Baba. Shi ya san dokinsa. Ko ni ka bar ni in tafi in gaya mishi."

Na ce ba za ta ba, kuma kada in ji zancen ya fita daga bakinta. Wanda bai san surukuta irin tamu ta wancan zamani ba zai ce wauta ce kawai. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da mutumin nan ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba. In na hango shi a hanya, takalmi nake cirewa in durƙusa tun daga nesa. Sai na ga kamar ba ni da bakin da zan ce masa amanarsa ta lalace a hannuna. Na kira abin kunya, amma da girman kai a ciki. Ana haka ɗan kasuwar nan ya biyo ta Gwandu, ya ce Baba yana gaisuwa, yana tambayar Bidi. Na tare shi a ƙofar gida na ce ya gaya masa lafiya lau, har ya yi ƙiba.

Bayan wannan ƙarya ido ya raina fata, na shiga neman magani ko ta halin ƙaƙa. Aka kwatanta mini wani maƙeri wajen Kambaza da yake yi wa dabbobi lalas, wato ƙona fata da ƙarfe don a kashe ciwon da ke ciki. Na ɗauko shi. Ya dubi gwiwoyin da suka kumbura saboda bugun siminti, ya latsa, ya ce jijiya ce ta saki, wuta za ta ɗaure ta. Ba na ɗora masa laifi. Abin da na gaya masa ya yi wa magani, kuma a waje na fito masa da dokin, bai ga inda yake kwana ba.

Aka hura gawayi a gindin bedi, wato itacen darbejiya, aka ɗaure ƙafafu, na riƙe ragama. Har yau in ana babbakar kan rago nakan bar wurin, saboda warin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dokin bai yi wani yunƙurin kirki ba. Ya yi ƙara sau ɗaya, jikinsa ya ɗauki rawa, sa'an nan ya jingina goshinsa a ƙirjina ya bar shi nan, da nauyinsa duka.

Ƙunar ba ta hana faɗuwa ba. Ya ci gaba da buga gwiwoyin a kan gyambon, ƙuda ya samu wurin zama. Ta dama ta warke da tabo. Ta hagu ta yi ruwa, ta daɗe tana zuba, da ta kame sai ta kame da tauri, ba ta lanƙwasuwa sosai.

Ruwa ya ɗauke, aka yanke gero, dawa ta sunkuya. Saƙon da nake tsoro ya iso: ruwa ya janye daga fadama, shinkafa ta nuna, a kawo Bidi.

Ban hau shi ba, ja na yi. Taubashina ya rufe awonsa ya ce zai raka ni, wai don in Baba ya kore ni a samu mai ɗauko takalmana. Muka kama hanya a hankali, muka kwana a wani ƙauye inda na ɗaure dokin gajere a jikin itace kamar yadda na saba. Duk tsawon hanya ina shirya maganar da zan faɗa ina rushewa. Har na yi tunanin in ce a hanya ya faɗi.

Kashegari rana ta take muka iso wata busasshiyar ƙorama, ba nisa da Kalgo. Rairayi ne fari mai laushi, ga inuwar itatuwa. Muka tsaya mu yi azahar. Ba wurin ɗauri kusa, na gaji kuma, sai na saki igiyar a ƙasa na danne bakinta da dutse. Muna cikin sallah na ji motsi a bayana. Da muka sallame na juya, na ga Bidi a ƙasa. Ya kwanta ta gefe, ya miƙe ƙafafu huɗu, wuyansa shimfiɗe a kan rairayi.

Na ce inna lillahi, na tashi da gudu. A sanina dokin da ya shimfiɗe haka ya gama. Na kama igiya zan fizge shi ya tashi, taubashina ya riƙe mini hannu. Ya durƙusa wajen kan, ya kara tafinsa a hancin, ya daɗe. Ni kuwa na tsaya a wurin ina kallon cikin dokin yana hawa yana sauka. Can sai kofatan suka fara motsi kaɗan-kaɗan kamar yana tafiya, kunne yana karkaɗawa, ido yana yawo a ƙarƙashin fata. Na ce fitar rai ce. Sai muka ji wani gurnani mai nauyi yana fita daga hancinsa, yana dawowa daidai wa daida.

Taubashina ya ɗago ya dube ni. A hankali ya yi maganar, kamar mai tsoron tada jariri.

Ya ce, "Injiniya, wanga ba mutuwa ba ta. Minshari shi kai."

Muka koma gefe muka zauna. Can Bidi ya farka ya ɗaga kai, ya zauna a kan ƙirji ya dube mu, ya sake shimfiɗewa. Haka ya yi ta yi har inuwa ta juya. Ban iya sakin jiki ba, duk sanda numfashin ya yi jinkiri sai in miƙe. Wajen la'asar ya tattara ƙafafu, ya yi fama da gwiwar hagu, ya tashi. Ya girgiza, ya yi atishawa, ya sa baki a ciyawar bakin gaɓa. Gefensa guda duk rairayi. A nan maganar maiɗakina ta faɗo mini, na gane tun ranar da santsi ya kwashe shi dokin nan bai ƙara kai haƙarƙarinsa ƙasa ba, kuma duk inda ya nemi ya kai, ni na hana.

Mun shiga Kalgo kafin magariba. Surukina yana zaune a ƙofar zaure. Na tuɓe takalmi na durƙusa daga nesa, taubashina ya ja dokin ya kai masa. Tsohon ya dogara sanda ya tashi. Bidi ya sa hanci a kafaɗarsa. Tsohon ya shafa wuyan, ya gangara da hannu har gwiwoyin, ya tsaya a kan tabon wuta. Ya ɗaga ƙafar hagu ya gwada lanƙwasa ta, ta ƙi. Ya ajiye ta a hankali. Bai dube ni ba, dokin yake kallo, ya yi tambaya.

"A bisa mi shi ka kwana?"

Na ce, "Siminti, Baba."

Sa'an nan na buɗe baki na faɗi sauran, da faɗuwar, da ɗaurin sama, da maƙeri, da saƙon ƙaryar da na aika. Kaina yana ƙasa har na gama. Ya ce, ba da faɗa ba, doki yakan saci barci a tsaye, amma wannan gyangyaɗi ne. Barcinsa na gaskiya ɗan kaɗan ne, a ƙasa yake yinsa, kuma ba ya kwanciya sai inda ya amince zai iya tashi. In an hana shi, barcin zai zo ya kayar da shi a tsaye. Ya ce buhu biyu na rairayi da sun wadatar.

Daga nan ya ce, "Da ka aiko, ɗana." Ya juya wajen gida ya ce a kawo wa baƙi ruwa, sun sha hanya.

Bidi bai ƙara faɗuwa ba. Cikin 'yan kwanaki a kan rairayin gidansu idonsa ya dawo, ya ci gaba da haniniya. Amma gwiwar ba ta dawo ba. A fili yana tafiya da ɗan ɗingishi, a gangare kuwa ba ta riƙe shi. Surukina ya gwada sauka fadama da shi sau ɗaya, dokin ya durƙusa a tsakiyar gangaren, Allah ya kiyaye mutane suna kusa suka tare tsohon. Bai sake gwadawa ba. Shinkafar shekarar nan a bayan idonsa aka yanke ta.

Na yi niyyar in nemo masa wani doki, na aika maiɗakina ta gaya masa. Ya ce ya tsufa da koyon halin sabuwar dabba, ita ma ba za ta koyi ƙafarsa ba. Da shekara ta kewayo ya ba 'ya'yan ƙanensa gonar su riƙa nomawa. Mutumin da ya san kowace kunya ta gonar nan ya koma zaman ƙofar zaure, yana tambayar masu dawowa daga fadama inda ruwa ya kai. Har ya rasu bai ƙara taka ta ba, bai kuma taɓa tayar mini da zancen ba, ko a fuska.

Ku da za ku karanta wannan, ga roƙona. In an ba ku amanar abu mai rai, ku tambayi mai shi yadda yake ci da yadda yake kwana tun kafin ku ƙawata masa wuri. In kuma abu ya fara lalacewa a hannunku, ku aika a ranar, ko da wanda za ku gaya wa mutum ne da ba ku iya haɗa ido da shi. Kada ku yi shiru irin nawa.